Shaiɗanun da ke Kuka a Ƙarshen Kaset ɗin Ustaz

Daga akwatin saƙo. Mai rubutun ya nemi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum Admin, da dukkan mazauna wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku hanzarta, domin ranar Asabar mai zuwa bayan La'asar akwai abin da na ƙudurta yi wa wani mutum a gaban jama'a, in na yi shi ba ya ɗinkuwa, in kuma na fasa ina jin da shi za a binne ni. Ni malamin makaranta ne a ƙasar Daura, Turanci da adabi nake koyarwa, saura kaɗan in ajiye alli, saboda haka ku yi haƙuri da tsawon rubutun, wanda ya saba cika allo ba ya iya gajarta magana. Masu fatawa kuma ina roƙonku ku ajiye ta tukuna, ba hukuncin kiɗa na zo tambaya ba, na san abin da malamai suka ce, na san inda suka saɓa. Hukuncin aboki na zo tambaya.

Asalin abin daga kawuna ne, Allah ya ji ƙansa. Falke ne, yana sayen shanu a kasuwannin bakin iyaka ya kai Legas, sai ya yi wata biyu bai waiwayo ba. Bai yi boko ba, in zai aiko da saƙo gida sai ya ɗauki maganarsa a kaset ya ba direba, mu taru a tsakar gida mu saurara, yaran yanzu sun ɗauka da wayarsu aka fara aika murya. Sabon kaset ya yi masa tsada, sai ya sayi tsofaffi na gwanjo kwali guda, ya riƙa cusa 'yar takarda a ramukan nan biyu da ke saman kaset, rediyo ya yarda ya ɗauka, gaisuwarsa ta hau kan abin da ke ciki ta shafe shi. Ku riƙe wannan dabara ta cusa takarda, kamar yadda nake ce wa ɗalibaina, za ta fito a jarrabawa. Wani zuwa da ya yi ya bar ragowar kwalin a ɗakina, guda ashirin da ɗaya da bai kai ga shafewa ba. Na ɗauki ɗaya na sa a rediyo, sai na ji kamar an tara maƙeran garin nan kaf a ɗaki guda an ce kowa ya huce haushinsa a kan uwar maƙera, amma kuma babu wanda ya saɓa wa ɗan'uwansa ko da bugu ɗaya. Daga baya na karanta a jikin gidan kaset ɗin cewa masu shi suna kiransa metal, wato ƙarfe, na ce lallai Bature ya iya raɗa suna.

Da gudu na kira Sallau. Ba sunansa ba ne, amma bari mu kira shi haka. Gidansu na kallon namu, tare muka yi allo, tare muka yi firamare, a lokacin kuma muna aji ɗaya a kwalejin horon malamai. Mahaifiyarsa, Inna, ba ta taɓa zuba mana tuwo a kwano biyu ba. A kwaleji lokacin ana koya mana cika takardar sakamakon ɗalibai, maki, da matsayi a aji, da bayanin malami a ƙasa, mu kuwa ba mu da ɗalibai tukuna, sai muka sayi littafin rubutu mai shafi tamanin muka mai da mawaƙan nan 'yan ajinmu. Kowane kaset na rubuta masa lamba da jan biro a jikinsa, na buɗe masa shafi, in ba shi maki bisa goma in rubuta ra'ayina in sa hannu, Sallau ya rubuta nasa a ƙasa ya sa hannu. Sunayensu na Turanci ba su yi mana daɗin kira ba, sai muka raɗa musu namu.

Akwai 'Yan Makoki, samari huɗu da kullum budurwa ta gudu ta bar su, na rubuta musu, murya akwai, amma su rage kuka a aji. Akwai Masu Gashi, waɗanda aka fi shan wahala a kan hotonsu fiye da abin da ke cikin kaset ɗin, tsafta tara, ƙoƙari uku. Akwai Dogon Zance, waƙa ɗaya sai ta cinye gefen kaset guda, ka tashi ka yi alwala ka yi La'asar ka dawo, mai jita bai gama share maƙogwaro ba, ni na ba su biyar, Sallau ya ba su takwas, kuma da ina da basira da tun a nan na gane mai wa'azi zai zama. Akwai kaset biyu na disko da suka ɓato cikin kwalin, waɗannan ko maki ba mu ba su ba, mun rubuta an kore su daga makaranta, domin ruwan sikari ne, kana sha ƙishirwa na ƙaruwa. Har gobe ra'ayina bai canja ba, kiɗan da ba zai sa ka zauna ka yi shiru ba motsa jiki ne kawai, a kai shi filin wasanni.

Amma 'yan gaban goshin ajin su ne Maƙera, kaset ɗinsu uku muke da su, kuma a kansu muka yi gardamar da ba ta ƙare ba har yau. Na farkon yunwa ce zalla, yara ne da ba su da komai sai fushi, mai ganga yana gaba sauran na binsa da gudu. Na biyun shi ne magana, a nan hannunsu ya faɗa amma yunwar ba ta sake su ba, gangar kamar lugude, mata biyu a turmi ɗaya ba taɓaryar da ke taɓa 'yar'uwarta, a ƙarshen gefe na biyu kuma akwai inda kowa ke yin shiru a bar mai jita shi kaɗai, ya ja ta sama kamar mai goge da aka yi wa mutuwa, wajen minti uku. Duk wanda ya taɓa jin goge a hannun gwani ya san abin da nake nufi, ba sai yana jin Turanci ba. Na ukun kuwa sun samu duniya, sun ƙoshi, sun ɗauko masu sarewa da 'yan amshi, har da waƙar soyayya, kuma babu abin da ya kai mahauci mai kuka muni. Na ba na biyu goma, na ba na uku huɗu. Sallau ya juya abin. A ƙarƙashin na biyu ya rubuta, hayaniya ce ba tarbiyya, huɗu. A ƙarƙashin na uku ya rubuta, na ɗaya a aji, goma bisa goma, ko wuta ta kama gidanmu wannan zan fara ɗauka. Ya sa hannu har da yi wa sa hannun 'yar wutsiya. Littafin yana gabana yanzu da nake rubutun nan.

Shekaru suka tafi, muka fara koyarwa, na yi aure, shi ma ya yi, duk ranar Lahadi da hantsi yana ɗakina muna mayar da kaset baya da biro don kada batir ya ƙare. Sai aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Kada wani ya yi min mummunar fahimta, ina cikin waɗanda suka yi murna, ban taɓa shan abin maye ba, ban taɓa taka gidan rawa ba, mahaifina shi ne ladanin masallacin unguwarmu shekara da shekaru, da muryarsa na tashi. Samarin unguwa suka kafa kwamitin gyaran tarbiyya, nasu na kansu, ba na hukuma ba, suna bi suna nasiha, kuma sun yi abubuwan kirki, ba zan tauye musu ba. Sallau ya shiga, da yake rubutunsa na da kyau aka ba shi sakatare. Lahadi ɗaya bai zo ba, ta biyu bai zo ba, ta uku sai ga shi da mutum biyu, fuska ba walwala, ya tsaya a zaure ya ƙi shiga ɗakin da ya fi ni sanin lungunansa. Ya ce an kawo ƙara cewa akwai malamin makaranta da ke ajiye kiɗan masu bautar shaiɗan, a ba su kwalin su ajiye, gobe bayan La'asar a zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Ban tambayi wanda ya kai ƙarar ba. Mu uku ne muka san kwalin yana ƙarƙashin gado, ni ban kai ƙarar kaina ba, matata kuwa ko zaure ba ta leƙawa.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi, dattawa suka zauna, Baba mahaifina yana cikinsu. Sallau ya riƙa ɗaga gidajen kaset yana nuna hotunan, ga ƙoƙon kai, ga wuta, ga maza da gashi har kafaɗa, jama'a na ta salati. Na yi ƙoƙarin bayanin cewa hoton talla ne, zakin da ake zanawa a bayan babbar mota ba ya nufin direba na cin ɗanyen nama, ba wanda ya yi dariya. Sai Baba ya ɗago ya dubi Sallau ya ce, "Kai da kullum kana ɗakinsa, kai ma kana ji?" Sallau ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, nasiha nake zuwa yi masa." Littafin nan yana aljihun rigata a lokacin, don haka na zo da shi, hannuna yana kansa. Na ɗaga ido sai na hango Inna a bakin zauren gidansu da ke dab da wurin, ta riƙe mayafi da haƙori tana kallon ɗanta yana magana a gaban dattawa karo na farko a rayuwarsa. Na zare hannuna. Aka zuba kananzir aka cinna wa kwalin wuta, na ga hotunan suna naɗewa, ban matsa kusa ba.

Tun daga ranar aka raɗa min Malam Disko. Ku dubi wannan zalunci, disko, abin da na kora daga makaranta da hannuna. Da Malam Maƙeri suka ce da na amsa. Iyaye suka kai kuka makaranta, aka yi min canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye can wajen Babban Mutum, shekara goma sha ɗaya na yi a can, kuma sunan ya riga ni isa. Wannan duk mai sauƙi ne. Baba ya daina kiran salla. Ba wanda ya hana shi, shi ya ce bakin da ya kasa kiran ɗansa ba zai kira unguwa ba. Ya koma sahun baya, bayan shekara biyu ya rasu, mun rabu lafiya, ya yafe min, amma yafiyar mai laifi ya yi min, ya tafi yana ganin ɗan maƙwabci ne na kirki nasa ne ya lalace. Sallau kuwa ya bar koyarwa ya zama Ustaz, wa'azinsa ya cika tasha da kasuwa, har aka riƙa cewa yana da karama, wai in ya gama wa'azi ya yi sallama ana jin shaiɗanu na kururuwa a ƙarshen kaset saboda ƙunar da suka sha. Na sha jin labarin, amma ban taɓa jin kaset ɗin ba, don na yi alkawari muryarsa ba za ta shiga gidana ba. In mun haɗu a jana'iza sai mu gaisa, ya ce Malam, in ce Ustaz, shi ke nan.

Wata biyu da suka wuce na je Baure gaisuwar rasuwa, a dawowa na shiga wata tsohuwar mota da ta girmi direbanta, har yanzu rediyon kaset ne a cikinta. Direban ya ce zai sa mana abin albarka, wa'azin Ustaz na farko-farko, wanda ya gada daga mahaifinsa tare da motar. Ba wurin gudu, ina tsakiya, buhun gero a kan ƙafata. Wa'azin kuma a kan illar kiɗa ne. Na daure, ina ba shi maki a zuciyata, dogon zance, biyar. Mun kusa shigowa gari ya yi sallama, aka ji ƙarar maɓalli, direban ya ɗaga yatsa ya ce mu saurara, yanzu za su fara. Sai ga mai jitar Maƙera, kaset na biyu, ƙarshen gefe na biyu, ya ja ta sama shi kaɗai. Wani dattijo a gaba ya kama a'uziyya, wata mata a baya ta ce tsigar jikinta ta tashi, direban ya ce kun ji babbansu nan, shi ya fi shan wuta. Ni kuwa na dubi hannuna, sai na ga yatsuna suna buga gwiwata daidai inda mai ganga zai shigo, shekara ashirin da 'yan kai ba su manta ba. Hawaye ya zubo min, dattijon ya waiwayo ya ce, "Malam, wa'azi ya ratsa ka." Na ce ƙwarai kuwa. A nan na gane abin da aka ƙona ranar nan, gidajen kaset ne da hotuna. Kaset ɗin kansu sun kwana a hannun sakatare, ya zare su, ya cusa musu takarda irin ta kawu, wadda ni na koya masa, ya hau kansu da wa'azi, wa'azi ya ƙare kaset bai ƙare ba. Daga su aka yi ta kwafa ana rarrabawa, har da wutsiyar.

Ina cikin juya abin a raina, sai Allah ya kawo min ragowar har gida. An gina sabon masallacin Juma'a a ɓangarenmu, an tsayar Ustaz ne zai zama liman, za a yi walima ranar Asabar, Juma'ar da ke biye ya hau mumbari. Ɗalibansa biyu, magidanta, ɗaya ma na koyar da shi, suka yi sallama a ƙofata da wata jaka a hannu kamar masu ɗauke da jariri. Suka ce asalin kaset-kaset ɗin Malam ne na farko, sun ɗauko daga ɗakin karatunsa bai sani ba, suna so su ba shi mamaki, a sa ɗaya a lasifika ranar walima jama'a su ji karamar da kunnensu, kuma sun zagaye gari an ce musu ba mai rediyon kaset mai lafiya sai ni. Wanda na koyar ɗin har ya fara kirana da sunan nan, ya haɗiye rabinsa. Na ce su bar jakar in gwada. Suna fita na ɗaga gefen takardar da aka manna a jikin na farko, ga jan birona, lamba bakwai, Maƙera na biyu. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya da littafin a hannu kamar mai kiran suna a aji. 'Yan Makoki sun amsa, Masu Gashi sun amsa, Dogon Zance, har korarrun disko, duk an hau kansu. Ashirin cif. Ɗalibi ɗaya ne bai zo ba, Maƙera na uku.

Na sami Ustaz bayan Azahar a zaurensa, na jira mutane suka watse, na ajiye lamba bakwai a gabansa na buɗe littafin a shafin da ya sa hannu. Ya karanta rubutunsa. Bai yi musu ba, wannan kam na ba shi maki. Ya ce a lokacin an fara raɗe-raɗin cewa shi ma yana ji, ko ni ko shi ne, kuma shi ba shi da uba ladan da zai tsaya masa. Ya ce da ya kai kwalin gida ya ga ƙona su asara ce alhali ba shi da halin sayen sababbi, gara su yi wa addini aiki. Ya ce wutsiyar kuskure ce, bai lura ba sai da kaset ya shiga gari, kuma ba shi ya ce shaiɗanu ne ba, mutane suka faɗa. Na ce shekara ashirin suna faɗa kana jin su, ya ce bai taɓa cewa e ba, na ce amma kuma ba ka taɓa cewa a'a ba. Na ce abu ɗaya nake so, ranar walima ya miƙe ya ce tare muke ji, ba nasiha yake zuwa yi ba, ya faɗi haka ya ambaci sunan Baba. Ya ce in bari a wuce naɗin limancin, in ƙura ta lafa zai san yadda zai yi, in rufa masa asiri Allah ya rufa min. Sannan ya tashi ya shiga ciki, ya dawo da wani abu naɗe a tsumma ya turo min. Maƙera na uku ne, da gidansa da hotonsa, ko ƙwarzane babu. Ya rage murya ya ce, "Shi kam na kasa. Ka san na biyun dama hayaniya ce."

'Yan'uwa, na shiga zauren nan da sauran tausayi a raina, wannan maganar ce ta ƙone shi. Mutumin nan ya zauna da kaset ashirin da ɗaya a gabansa, ya zaɓi wanda zai ceta, ya ceci nasa, ya hau kan nawa da wa'azin illar kiɗa, kuma bayan Baba ya shiga ƙasa, bayan shekaruna goma sha ɗaya a ƙauye, abin da ya rage masa ya gaya min shi ne shi ya ci gardamar. Na ɗauki lamba bakwai da littafina, na bar masa abinsa a kan tabarma.

Ga abin da na shirya. Na nemo na biyun a intanet, yana nan cikakke a wayata. Jakar tana hannuna, kuma bai isa ya ce wa ɗalibansa su fasa ba, sai ya faɗi dalili. Ranar Asabar ni ne a kan rediyo, lasifika a gabana take. Zan sa musu lamba bakwai, in bari Ustaz ya yi sallama, in bari shaiɗanu su yi kukansu jama'a su yi kabbara, sannan in ce a dakata akwai ƙarin bayani, in kunna waƙar daga farkonta a waya har ta iso daidai wurin, su ji shaiɗanun nan suna da mai ganga da mai ba da waƙa. Sannan in ɓare takardar su ga lambata, in buɗe littafin in karanta musu, ko wuta ta kama gidanmu wannan zan fara ɗauka, sa hannun liman. Na gwada tsarin sau uku a ɗaki da agogo, minti goma sha ɗaya ne, kowace shekarar ƙauye da mintinta. Tun da na fara riƙe alli ban taɓa shirya darasin da ya kai shi tsari ba, da gabatarwa, da kayan aiki, da kammalawa.

Matata ta ce hankalina ya tafi hutu. Ta ce wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa, na ce wanda ya bar mutane suna yi wa mai jita kabbara fa, a bar shi ya ja su salla? Ta ce in don addini ne in je in gaya wa dattawan masallaci a ɓoye, me ya kawo lasifika, kuma ta yi gaskiya, ba don addini ba ne kawai, so nake ya tsaya a tsakiyar tabarmi ana kallonsa kamar yadda na tsaya. Ta ce kuma ka sani, ko ka yi nasara, abin da gari zai riƙe shi ne Malam Disko ya sa kiɗa a walimar masallaci, ga 'ya'yanka mata biyu suna aure a unguwar nan, su za su sha tambaya a gidan biki. Sannan ta kawo wadda ta fi min nauyi. Inna tana da rai, ta haura tamanin, idonta ya tafi amma kunnenta ras, an ce za a kawo ta a kujera ta zauna a bayan labule ta saurara. Shekaranjiya na je gaishe ta, ta shafa fuskata ta ce ta ji ni ne zan kunna kaset ɗin, ta ce dama ta san wata rana za mu koma kwano ɗaya. Saboda matar nan na zare hannuna daga aljihu wancan karon, kuma abin da ya biyo baya kun ji shi.

To ku gaya min. In yi darasina ranar Asabar kamar yadda na tsara? Ko in kai wa dattawa jakar da littafin a ɓoye in bar su da shi, in sun binne maganar shi ke nan na sake yin asara? Ko in ce rediyon ya lalace, in mayar musu da jakarsu, in ci gaba da zama Malam Disko har ranar da shi Ustaz ɗin zai tsaya a kan gawata ya yi min salla? Zan karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ba zan bi kowa da jan biro ba. Mai cewa in jira bayan naɗi dai ya sani na san Sallau tun muna cin ƙasa. Mai cewa in yafe kuma ban ƙi ba, amma ya fara duba inda na tsaya, wanda nake so ya ji yana kabari, ba zai ji ba ko lasifika goma aka ɗaura, wadda ba na so ta ji kuwa kunnenta ras. Yaya zan yi?